Daƙiƙa Ashirin da Biyar

Ni ne Eusebio, mai sharar filin tanis
a Rosario, gab da kogin Parana.
Shekara talatin ina jan buhu bisa garin jan bulo,
ina shafe sawun wanda ya ci da wanda aka cinye,
in ɗauko mesa, in bi da ruwa.

Ban taɓa riƙe raket don gasa ba,
amma mai shara ya san abin da ƙasa ta sani:
sawun matsoraci gajere ne, a cukurkuɗe,
na mai fushi rami yake tonawa,
na mai kwanciyar rai kuwa dogon layi ne, silalewa.

Itati ta zo mana tana 'yar sha huɗu,
hannunta na hagu bulala.
Sai dai in ƙwallo ɗaya ta faɗa raga,
sai ta ɗauke ta a ka,
ta shiga da ita maki na gaba,
da na gaba,
har kayan su rinjayi wuya.
Raket biyu na tsinta a kwandon shara,
ɗaya ta karye a wuya, ɗaya ba ta ko ganuwa.

Tsohuwa Ofelia, mai koyarwa, mai gwiwar ƙarfe,
ta zuƙi shayin mate daga ƙoƙonta,
ta ce, "Bugunki ba shi da ciwo.
Tsakanin maki da maki akwai daƙiƙa ashirin da biyar,
a nan ake cinye ki,
kuma ba 'yar tsallaken raga ke cinyewa ba.
Ke ce, yarinya, ba kowa."

Ta ce, "Juya wa raga baya.
Dubi tsirkiyar raket, daidaita guda uku.
Ja numfashi har cibiya, sake shi a hankali
kamar mai hura garwashi.
Goge fuska, abin da ya wuce ya bi gumi cikin tawul.
Buga ƙwallo a ƙasa sau huɗu,
faɗi kalma ɗaya, taki, kar ki gaya mini.
Sannan ki ɗaga ido, kin dawo ke nan,
sannu ba ta hana zuwa."

Da fari da gunaguni ta yi.
Samari na bayan waya suna ƙirga mata, ɗaya, biyu,
suna dariya.
Sanyin Yuli ya zo, yatsu sun ƙage,
ta yi in ta ci, ta yi in ta zubar,
har ƙafa ta haddace abin da kai ke mantawa.

Ran wata Asabar aka haɗa ta da doguwa daga Cordoba.
Iskar kogi ta taso a karkace.
Sau biyu a jere ta jefa bugunta a raga,
mahaifinta ya kama waya yana ihu.
Na ga kafaɗa ta tashi,
na ga raket ta yi sama tana neman ƙasa,
na ce a raina, ta uku ke nan.

Sai ta juya baya.

Tsirkiya uku.
Numfashi.
Tawul.
Tim, tim, tim, tim.
Leɓe ya motsa, ban ji me ya ce ba,
ƙwallo ta tashi ta sauka kan layi, farar ƙura na rawa.

Kar in yi muku ƙarya, ba ta ci wasan ba.
Doguwar ta fi ta da kaɗan.
Amma da yamma, da na shiga da buhuna,
na tsaya ina karatun ƙasa:
babu rami ko ɗaya,
dogayen layuka ne daga kusurwa zuwa kusurwa,
har na ji nauyin shafewa.

Tana ɗaure jaka na ce, "Mece ce kalmar?"
Ta dubi buhun, ta dube ni.
"Share," ta ce. "A wurinka na ara,
kuma ba ni da niyyar mayarwa."